Injiniya Stanimir da Benen Ɓeran Masar

Duk wanda ya ce ƙauyenmu ba shi da manyan mutane, bai taɓa tsayawa a ƙofar gidan Injiniya Stanimir ba. Zakuna biyu na siminti ke gadin ƙofar, an shafe su da ruwan zinariya har haƙora. A bayansu gida hawa uku ya miƙe, da baranda da ginshiƙai, can a ƙoli kuma rodi sun yi cirko-cirko suna jiran hawa na huɗu. Kai, Allah ya yi mutum a wurin nan.

Injiniyancin a birnin Vienna na ƙasar Austriya ya samo shi, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wuraren gini. Masu baƙin ciki na cewa baro ya tura, siminti ya kwaɓa. Shi kuwa cewa yake babu dogon gini a birnin nan da bai sa wa hannu ba, kuma gaskiyarsa ne, don kowane buhu sai da ya bi ta hannunsa. Ranar da ya dawo gida ya shigo da hular kwano, da awon katako mai naɗewa a aljihun gaba, da sunan Injiniya wanda shi ya raɗa wa kansa a hanya. Yaran gari suka ƙara masa da Sarkin Sama. Ya ji, ya ɗauka yabo ne.

Cikin gidan abin kallo ne, in an bar ka ka leƙa. Kujeru na nan cikin ledarsu. Gadaje ba su taɓa sanin nauyin mutum ba. Ruwan famfo yakan hau hawa na farko, ya gaji, ya komo. Shi Sarkin Sama da matarsa Milunka a ɗan kicin na bayan gida suke ci, suke sha, suke kwana, kusa da akurkin kaji. Ba abin kunya ba ne a wurinmu. Maƙwabcinsa Paun, wanda ya fi shi da hawa ɗaya kuma ya hana shi barci saboda haka, a garejin mota yake kwana.

Don ɗansa Slavisha aka yi ginin. Shi kuwa Slavisha direban bas ne a Vienna, sau ɗaya yake leƙowa a shekara, in zafi ya yi, ya ci gasasshen rago ya juya. Bana ya zo da matarsa da 'yarsu Isidora, ita kuma Isidora ta zo rungume da keji. A cikin kejin akwai ɓeran Masar, fari da ja, mai kumatu, sunansa Bubi.

Maganar ta fito ne a kan abinci. Uwar Isidora ta gaji da atishawar da gashin Bubi ke sa ta, gidansu na can kuma ɗan tsugul ne. In Bubi zai ji daɗin ƙauye, a bar shi. Yarinyar ta dubi kakanta, wanda take kira Deda, ta ce in Bubi ya zauna to kowane hutu sai ta zo, har na hunturu, ko da ita kaɗai za a sako a bas.

Cokali ya tsaya a hannun tsoho. A nan kam ba zan yi masa dariya ba. A ƙarƙashin hular kwanon nan da zakunan nan akwai mutumin da ya tsufa yana jiran ya ji takun ƙafa a saman kansa, kuma bai taɓa ji ba sai na tattabaru. Ga dama ta zo har gida, da ƙafafu huɗu gajeru. Abin da ya rage kawai a faranta wa ɓera rai.

Isidora ta faɗi yadda ake yi. Bubi fili yake so inda zai yi gudu, da ciyawa, da ɗan lungun ɓuya. Gidan kuwa ciyawa har gwiwa, fili har gaban ido. Da wani ne, da ya kewaye wuri da waya kafin gahawa ta huce. Amma ai ba a kiran Injiniya don a kafa shinge.

“Zinariyar Deda,” in ji shi, yana zaro awonsa, “abin da babba ya hango, yaro ko ya hau bene ba zai hango ba. Faɗi na talaka ne. Duk wanda ya ci gaba a duniya sama yake yi, ba gefe ba. Ɓeran jikata ya zauna a ƙasa kamar ɗan haya, alhali Paun na leƙe ta katanga? Bene za a ɗora masa.”

Washegari aka fara aiki. Aka fitar da Bubi, Milunka ta sa shi a kwalin ayaba kusa da murhu. Aka kai keji farfajiyar gaba, daidai inda mai wucewa zai gani ta tsakanin zakuna. Injiniya ya ce gini ba ya tsayuwa a kan iska, saboda haka ya haƙa rami, ya zuba siminti, ya dasa ƙafafun kejin a ciki. Ya zagaye wurin da igiya. Ya sa hular kwano, ko da yake abin da ya fi komai tsawo a wurin bai kai ƙugunsa ba.

Ya kafa ginshiƙai huɗu masu kauri a cikin ɗakin ƙasa, don su ɗauki nauyin sama. Ya shimfiɗa katako ya rufe rufin ruf, har ƙasan ya koma kamar rijiya. Ya yi baranda. Ya yi matakala a tsaye kamar tsanin mai gyaran wuta, ya sassaƙa mata madogara mai furanni. Ya yanke gefen jan labulen Milunka na hawa na biyu ya yi darduma, yana cewa ai ba mai lura, wanda shi ma gaskiya ne. A kusurwoyi huɗu na ƙoli ya bar dogayen ƙusoshi a tsaye, saboda gaba. Hali zanen dutse.

Kullum da safe Isidora takan zo bakin igiya da Bubi a ƙirji, ta ce Deda ya zo su je bakin kogi tsinko ciyawa. Kullum amsa ɗaya ce: Deda na kan aiki, kuma ba a shigo da yara wurin gini. Sai ta koma kicin. Can ita da kakarta suke yanka kokwamba, Bubi na fito in ya ji an buɗe firij, suna dariya har a jiyo su a titi. Injiniya yakan ɗaga kai ya ce a rage surutu, ana lissafi. Haka hutun ya narke, tsoho na buga ƙusa don jikarsa, jikar na bayansa bai waiwaya ba.

Al'adarmu ce in an ɗora rufin sabon gida a yi shagali. Dangi da maƙwabta su kawo riguna da tawul da safa, a rataye a jikin katakon rufi, babban magini ya hau ya riƙa buga gatari yana kiran sunan kowa da abin da ya kawo, yana sa albarka da ƙarfi har ƙauyen gaba su ji. Ana gobe baƙi za su koma, Injiniya ya aika gida-gida. Mutane suka zo, don rago ba ya gasuwa a banza, barasar gida kuma ba ta da laifi. Wata ta kawo hankici. Wani ya kawo safar jariri. Paun ya kawo tawul ɗin wanka babba, wanda da aka rataya ya rufe ginin gaba ɗaya, sai da aka ninke shi.

Sarkin Sama ya hau kujera, ya buga guduma a baranda.

“Maƙwabcina Paun ya kawo tawul, Allah ya ba shi lafiya, ya kuma ba shi idon gane aiki! Jama'a, ku duba da kyau. A Vienna na koyi abu guda: ƙasa ta kowa ce, sama ta masu ita ce. Wannan gini ba na ɓera ba ne kawai, darasi ne. Ko girgizar ƙasa aka yi, ku gudo nan. Ni Stanimir ban taɓa ɗora abu ya sauko ba!”

Aka tafa, baki cike da nama. In ganga ta cika zaƙi, an san abin da ke biyo baya.

Isidora ta kawo maigidan, wato Bubi. Aka sa shi a ɗakin ƙasa, a gindin matakala. Bubi ya shinshina matakin farko, ya ɗaga kai ya dubi tsawon abin, ya juya masa baya. Ya nemi ya zagaya, ya yi karo da ginshiƙi. Ya koma ɗaya gefen, ya yi karo da wani. Sai ya cusa kai a kusurwa ya bar wa taro ƙugunsa.

“Kawaici ne,” in ji Injiniya. “Haifaffen birni ne, ba ya rawar jiki a gaban mutane.”

Ya jera karas a kan matakala, yanka ɗaya a kowane mataki. Bubi ya fito, ya miƙa wuya ya ɗauke na ƙasa, ya koma kusurwarsa ya cinye a nutse. Sauran ya bar wa mai gini. Wani a baya ya ƙyalƙyale. Wuyan Injiniya ya yi ja har cikin hular kwano.

“Shugaba ba ya hawa da ƙafa, ɗaga shi ake yi,” ya ce. Kafin yarinyar ta buɗe baki ya sa hannu ya cafko Bubi, ya ɗora shi a baranda, a kan jar darduma, yana fuskantar jama'a.

Bubi ya sandare. Idanu suka firfito, jiki na kakkarwa. Ya dubi ƙasa ta tsakanin furannin madogara, ya saki wata ƙara siririya mai ban tausayi, sannan ya yi abin da duk mai rai ke yi in tsoro ya kai masa iya wuya. Dardumar ta jiƙe, ya bi ta katako ya ɗiga a ɗakin ƙasa. Wannan ne karo na farko a tarihin gidan Stanimir da ruwa ya gudana a hawa na sama.

Paun ya jawo tawul ɗinsa ya share hawayen dariya ya ce, “Maƙwabci, ka gode wa Allah, ko ba komai an kama ruwa a benenka.”

Isidora ba ta yi dariya ba. Ta tsallake igiya, ta ɗauke Bubi ta cusa shi cikin rigarta, ta wuce kicin ba ta dubi kowa ba. Taro ya ci gaba da cin rago, don shi rago bai yi laifin komai ba.

Da safe Slavisha ya fara loda mota. Injiniya ya fito ba hula, karo na farko tun da aka fara aiki, ya tarar da kwalin ayaba a kujerar baya, an huda masa ramuka.

“Zinariyar Deda, ina za a kai shi? Ga gidansa, hawa biyu!”

“Deda, ƙasan duhu ne, ba wurin gudu. Saman kuma tsoro yake ji. Ba shi da gida a nan.”

Ta tambaya ko za a ba ta tsohon kejinta. Uba da ɗa suka kama, suka ja, suka girgiza. Ko gezau. Injiniya bai yi ƙarya ba, ginin ya fi ƙarfin girgizar ƙasa. Haka Bubi, wanda ya zo ƙauyenmu da gidansa na kansa, ya koma birni a kwali. Uwar Isidora ta shiga mota tana atishawa tana harar surukinta. Da tsoho ya leƙa taga ya tambayi zancen hutun hunturu, yarinyar ta sumbace shi a kumatu ta ce za ta kira a waya.

Ya tsaya tsakanin zakunansa har motar ta sha kwana. Ya daɗe a wurin. Sannan ya juyo ya dubi ginin, hannunsa ya tafi aljihun gaba da kansa, ya zaro awo. Ya gwada matakala. Ya gwada ƙusoshin ƙoli. Ya gyaɗa kai kamar likitan da ya gano ciwo.

“Na ga inda aka yi kuskure,” ya ce wa Milunka, wadda ta fito daga kicin da kwalaben tattasai na ajiyar hunturu cike da hannu. “Bai kai tsawon da zai burge shi ba. Da hawa uku ne...”

Milunka ta matso gaban kejin. Ta buɗe ƙofar barandar ɓera, ta jawo jiƙaƙƙiyar darduma ta yar, ta jera kwalabanta a ciki ɗaya bayan ɗaya, yadda ta saba jera su a ɗakin Slavisha na hawa na biyu. Suka shiga daidai, kamar don su aka auna. Ta rufe, ta goge hannu a zani.

“Sannu da aiki, tsoho,” ta ce. “Bene biyu ka gina a rayuwarka. Na farko ɗanka ya ƙi, na biyu ɓera ya ƙi. Zo ka sha gahawarka a ƙasa, kafin ta huce.”