Yadda Gagarau Ya Cinye Ayarinsa

Duk Talatar Mafara babu mai cika baki a kan dara kamar Ɗan'azumi Gagarau. In ka ji shi, ko aljani ya zauna gabansa sai ya tashi da hawaye.

To, akwai wani kafinta a majalisarsu, Lawandi, da ya ƙirƙiro sabon wasa, ya sa masa suna Fatake. Ya san halin dattawan nan, in ba dara ba ko kallo ba sa yi. Sai ya sassaƙa allon da gurabe sak irin na dara, don kada su tsorata.

Ya dire shi a gindin durumi ya ce, "Bari in ɗan yi bayani."

Gagarau ya ce, "Bayanin me? Wasan da na gaji da shi a Agadas tun ina saurayi?"

Fentin allon ma bai gama bushewa ba. Lawandi ya haɗiye dariya ya ce, "To, bismilla. Kowa ya zaɓi ɗansa."

Caraf! Gagarau ya wawuri wanda ya fi girma. Ya naɗe hannun riga. Ƙwas, ya cinye na Malam Ɗahiru liman. Ƙwas, ya cinye na surukinsa, Baba Nomau. Kafin ka ce kwabo ya share allon tas, ya miƙe yana kirari: "Sai ni Gagarau, ci-gari!"

Lawandi ya ce, "Sannu da aiki. Sai dai a wasan nan duk ayari ɗaya kuke, tare za ku ƙetare daji. Ka cinye madugu, ka cinye mai gadi. Wanda ka ɗauka kuwa, shi ne jakin kaya."

Gumi ya karyo wa Gagarau, amma girman kai rawanin tsiya. Ya ce, "Na sani mana! Gwada ku nake yi."

Baba Nomau ya gyara zama. "Madalla. Tunda ka sani, in jaki ya rage shi kaɗai a daji, me yake yi?"

Gagarau ya dubi allo, ya dubi surukinsa. Komawa baya ba ta taso ba. Ya cika ƙirji da iska, ya ɗaga kai sama, ya saki: "Haaa-hiii! Haaa-hiii!" Har tantabaru suka watse daga kan durumi.

Lawandi ya riƙe ciki ya ce, "Wallahi babu wannan a doka. Zagaye ɗaya kawai zai jira."

Bai rufe baki ba sai wata jaka ta amsa daga bayan katanga, ta tsinke igiya, ta taho a guje.

Baba Nomau ya ce, "Liman, tunda kana kusa, warware auren 'yata. Ga dangin ango sun zo biko."