Haƙurin Kwanon Fura

Ba zan taɓa mantawa ba da Lahadin da na je gaida mahaifin Hajara a Unguwar Rimi, duk da na sha roƙon Allah ya mantar da ni. Lokacin saura 'yan shekaru Turawa su tafi, ni kuwa sabon malamin makaranta ne a Unguwar Sarki, ga keke sabo fil, ga alƙalami a aljihu, ina ji kamar ni na kawo boko ƙasar Hausa.

Akwai wani darasi da nake ji da shi a aji. Nakan ɗora guntun katako a kan allo, in riƙa ɗaga gefe ɗaya na allon a hankali. Katakon ba ya motsi. In ƙara ɗagawa, yana nan daram. Sai in bayyana wa yara cewa nauyinsa na jan sa ƙasa, amma jikinsa da jikin allon sun riƙe juna, kuma duk yadda jan ya ƙaru riƙon ma ƙaruwa yake yi, har a kai inda ba zai iya ba, sannan ya sulale gaba ɗaya. Sunan abin na littafin Turawa ya ƙi zama a bakin yara, sai na raɗa masa "haƙurin kaya". (Na daɗe ina jiran a yaba min kan wannan suna, har yau shiru kake ji.)

Mahaifin Hajara, Malam Haruna, babban akawu ne a ofishin gwamnati, mutum mai tsadar magana. Bai ce ya ba ni ba, bai ce ya hana ni ba, cewa ya yi in zo ya gan ni. Ni kuwa Allah ya sani ina son yarinyar nan kamar raina. Abokina Sule ne ya raka ni, tun a hanya yake ja min kunne: in sunkuyar da kai, kada in taɓa abinci a gidan surukai, in an tambaye ni in amsa a taƙaice.

Muka same shi a baranda, yana zaune kan darduma cikin farar babbar riga da ta sha bugu, zai tafi wurin suna. Muka durƙusa muka gaishe shi. Daga cikin gida aka kawo fura da nono a babban kwano, bisa wani tire mai ƙyalli, aka ajiye tsakaninmu. Har nan dai ban yi abin kunya ba.

Sai ya ce, "Malam, me kuke koya wa yaran nan a makaranta?"

Amsar ai a fili take: karatu da lissafi, Baba. Amma malami ya ji an taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Na kwashe bayanin haƙurin kaya tun daga tushe na zuba masa. Sule ya mintsine ni, na share. Da na ga Malam Haruna yana gyaɗa kai, sai kaina ya ƙara kumbura, na kama gefen tiren.

Na ce, "Duba, Baba, kwanon nan ba inda za shi, sai na ɗaga har nan." Na nuna wajen gwiwata.

Ko rabin taƙi ban ɗaga ba. Kwanon ya taho kamar an kira shi da suna, ya yi tsalle daga bakin tire, ya juye a cinyar Malam Haruna. Ludayi ya yi nasa wuri. Sai na ji wata dariya da ake ta dannewa a bayan labule. Sule ya ƙura wa rufin baranda ido kamar bai taɓa ganina ba.

Malam Haruna ya dubi rigarsa, ya ɗauke wani curin fura daga kan aikin wuyanta, ya ajiye a tire. Sannan ya dube ni.

"To, Malam, haƙurin kwano dai mun ga iyakarsa. Saura nawa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban san yadda muka yi sallama ba, har na kai bakin titi a ƙafa kafin Sule ya tuna min da keke muka zo. Kwanakin da suka biyo baya ko abinci ba na jin daɗinsa, na riga na sallama Hajara.

Sai ga saƙo wurin kawuna, wai a turo magabata. Abin da Malam Haruna ya ce kuwa shi ne, yaron da ya ga ƙarshen haƙuri da idonsa ba zai ƙure na 'yarsa ba.

Bayan biki ne Hajara ta faɗa min, tana dariya har da hawaye, cewa ita ta goge tiren da man gyaɗa don ya yi ƙyalli saboda zuwana. Ashe darasina bai yi ƙarya ba, santsi ne ya rage wa kwano haƙuri, ni kuma ban shafa na ji ba kafin in buɗe baki.

Yanzu mun tsufa tare, ga jikoki cike da gida, alhamdu lillahi. Abin da na koya dai bai wuce wannan ba: abin da ka tarar zaune lafiya, ba sai ka gwada iyakarsa ba. Har gobe in na cika surutu gaban baƙi, Hajara takan leƙo ta ce a hankali, "Malam, ka fa fara ɗaga tire." Ni kuma sai in sauke.