Ciwon Da Ba Ya Jini

A wani daji mai gundumomi bakwai, dabbobi suna da rumbu guda na kowa da kowa. Duk kaka majalisa kan zauna a gindin kuka ta raba gero. Shugabanta Raƙumin Dawa ne, mai hangen bayan tsauni, amma bai taɓa ganin abin da ke gindin ƙafarsa ba. Ma'aji kuwa Gafiya ce. Kada ku tambaye ni wanda ya zaɓe ta.

Majalisar tana da al'ada guda: gani ya kori ji. Gundumar da ke neman geron jinya sai ta kawo majinyaci a gani. Mai karaya ya ɗingisa, mai gyambo ya kwance tsumma, a yi masa sannu, a ba da dami.

Daga gundumar Fadama wata tsohuwar Bushiya ta zo, Iya Kande, mai jinyar waɗanda ciwonsu ke cikin kai. Dami uku take nema, na musayar saiwar magani a wurin biran tsauni. Ta zo da wani Ɓauna, Duna, wanda tun da gobara ta cinye masa mata da ɗa, in ya ji warin hayaƙi sai ya fita hayyacinsa ya yi ta karo da itatuwa. Shekara biyu saiwar nan ke riƙe da shi.

Iya Kande ba ta manta da abin da ya faru ba. Bara ciwon kan wani Gwanki ya tashi a gaban majalisa, aka ce wannan ba na gero ba ne, na igiya ne. A turu ya mutu.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ciwon nawa majinyatan ba ya jini, ba ya kumburi, amma yana kisa. Dami uku kawai nake roƙo, don su ci gaba da kwana a gidajensu."

Gafiya ta zagaya Duna sau biyu tana shinshina. Ta ce, "Ikon Allah! Wannan ƙaton ne majinyaci? Ranka ya daɗe, geron talakawa amana ce a wuyana, ba na barci saboda shi. Tunda an ce hayaƙi ne ciwonsa, a kawo hayaƙi mu gani."

Iya Kande ta ce, "Haba Ma'aji! Ana taka mai karaya don a tabbatar?"

Raƙumin Dawa ya ce, "Al'ada ce."

Aka kawo garwashi, aka ɗora ɗanyar ciyawa. Zomaye suka ja da baya, Biri mai tufka ya matso da igiya a kafaɗa. Hayaƙi ya doshi hancin Duna, idanunsa suka kaɗa suka yi ja, jijiyoyin wuyansa suka tashi, ƙafarsa ta fara tonon ƙasa.

Iya Kande ta san da ta yi shiru kowa zai gani, wataƙila har a ba ta damin saboda sauran majinyata. Ta kuma san inda Duna zai kwana. Gaba kura, baya sayaki. Sai ta je ta tsaya dab da kofatonsa, ita da ba ta kai idon sawunsa ba.

Ta ce, "Duna, ɗana, dube ni. Nan gindin kuka ne, ba Fadama ba. Ja numfashi yadda muka saba. Ina nan."

Ya ce, "Iya, ina jin kukansu."

"Na sani. Dube ni dai."

Hawaye na zuba masa, amma wallahi bai ɗaga ƙafa ba har ciyawar ta cinye.

Majalisa ta ɗauki tafi. Raƙumin Dawa ya gyara murya ya ce, "Alhamdu lillahi, mun gani da idonmu: lafiyarsa lau. Muna yaba wa Bushiya, ta yi aikin da ba a bukatarta kuma. Amma da yake rigakafi ya fi magani, dami biyu za a ba masu tufka, su tanadi igiya mai ƙwari. Na ukun kuwa Ma'aji ta riƙe, ta binciki yadda aka yi aka samu wannan nasara."

Duna ya ɗaga kai ya ce, "Ranka ya daɗe, saiwar da ta tsayar da ni yau, ta kwana tara ce ta rage."

Ko maganar ba ta kai can sama ba, ko ta kai, oho. Shugaba dai ya ce, "In ya tashi, a kawo shi mu gani."

Iya Kande ta yafito Duna su koma gida. Suna shirin tafiya Biri ya zo da ladabi, ya yi wa Duna barka da samun sauƙi, ya auna wuyansa.

Igiyar kam ta tufku, kuma a tarihin dajin nan ita ce aikin majalisa na farko da aka gama a kan lokaci.