Ranar da na kai wa na'urar Dakta agajin lasifika

Ba zan taɓa mantawa da Larabar nan ba, ko da zan manta baƙaƙen da nake koya a ajin yaƙi da jahilci.

Shara nake yi a ɗakin gwaje-gwajen wata makaranta a nan Lafia. Dakta, wadda nake yi wa aiki, ta shekara biyu tana fama da wata 'yar roba da ba ta kai akwatin ashana ba, mai hanyoyin ruwa sirara kamar gashi. Ta taɓa ce mini, "Baba, sauti ne ke tura manyan ƙwayoyin cikin ruwan gefe guda, ƙananan su bi ɗaya gefen. Roba ce, ko asibitin ƙauye zai iya saya." Na ce ashe sheƙar shinkafa ce ta 'yan boko. (Na shekara goma a injin shinkafa, don haka na ɗauke ta abokiyar sana'a.)

Ranar ce manyan baƙi za su duba aikin, su yanke ko zai ci gaba. Dakta ta kunna na'urar, ta fita tarbarsu. Na kara kunne. Shiru. Ko sauro ya fi ta magana. A wurinmu kuwa, injin da ya yi shiru ya mutu ne. Na ce sautin ya ƙare, wahalar baiwar Allah za ta tashi a banza!

Na ruga bakin get wurin wani mai maganin gargajiya da ke talla da lasifika. "Maigida, ara mini lasifikarka, rai ne a ciki!"

Na dawo na saita bakinta a kan robar, na danna. (Niyyata in yi ta "uuu" da bakina. Ban san tallarsa a naɗe take ba.) Daidai nan baƙi suka shigo.

"Maganin basir! Ko na shekara ashirin ne!"

Na lalubi wurin kashewa, sai na ƙara murya.

"Baba! Me kake yi?"

"Ranki ya daɗe, sautin ne ya ƙare, na kawo ƙari."

Wani baƙo ya durƙusa riƙe da ciki don dariya. Dakta ta kashe lasifikar, ta nuna allon kwamfuta. Ga ƙwayoyi a jere kamar sahun salla. "Kunnen mutum ba ya jin wannan sautin, Baba. Tun ɗazu take aiki."

Sun amince da aikin. Babbansu ma ya ja ni gefe, ya tambaye ni inda mai maganin yake zama.

Har yau ɗalibai Injiniya Basir suke kirana. Yanzu in na ga abu ya yi shiru, tambaya nake yi kafin in kai masa agaji.