Itacen da Ya Je Wata Ya Sauka a Bronx

"Ka sauke mini tukunyar nan daga bisa kujerata."

"Ba tukunya ba ce, Adjara. Baƙo ne."

"Baƙo da ƙasa a gindi? Tun safe ina zaune bisa bokitin fenti kamar mai jiran layin famfo."

"Ke kin taɓa zuwa wata? Iyakar tafiyarki Maraɗi, Yamai, sai Bronx. Wanga da kike gani ya zagaya wata ya dawo. In shi bai zauna bisa kujera ba, wa zai zauna?"

"To na ji. Ɗayan fa? Shi ina ya je da ya haye taka kujerar?"

"Shi bai je ko'ina ba. Doka ce ta hau da shi."

Mai wannan magana wani bawan Allah ne, mutumin Maraɗi, da ke shara da goge-goge a wata makarantar firamare a University Heights, cikin yankin Bronx a Amurka. Watansa uku da fara aikin, kuma har yanzu gwaji ake yi masa. Firinsifal, shugabar makarantar, ta ce in an dawo hutu za ta sa hannu a takardarsa ya zama cikakken ma'aikaci, ko kuma ya nemi wani wurin.

Su kuwa baƙin da suka raba su da kujerunsu, shi da matarsa Adjara, 'yan itatuwa ne guda biyu, kowanne bai wuce kamu biyu ba. Masu aikin sararin samaniya ne suka zuba irin itatuwa a kumbo, kumbon ya zagaya wata ya dawo, aka shuka irin, da ya tsiro aka rarraba wa makarantu. Malamar kimiyya ta makarantar, Madam Abena, wata 'yar Zangon Kumasi mai tafiya kamar ana binta, ta samu guda. Sai ta nemo ɗan'uwansa, iri ɗaya, tsawo ɗaya, wanda shi ko tashar bas bai taɓa zuwa ba, ta ajiye su gefe da gefe a baƙaƙen tukwanen roba iri ɗaya. Na watan da katinsa mai hoton wata a rataye, na gidan da nasa katin fari. Duk mako yara su auna su, su ƙirga ganye, su rubuta, don a ga ko tafiyar ta canza wani abu. A ƙirgar ƙarshe, wannan ganye goma sha huɗu, wancan ma goma sha huɗu.

Da hutun mako guda ya zo, za a kulle makaranta, Madam ta damƙa wa mutumin naku tukwanen.

"Baba, abu ɗaya nike roƙon ka. Duk abin da ka yi ma wannan, ka yi ma wancan. Ruwa kofi ɗaya, kofi ɗaya. Rana ɗaya, inuwa ɗaya. In ka bambanta su, aikin yara na wata shida ya lalace koraa, gaba ɗaya. Ran Litinin firinsifal zai zo, iyaye zai zo, za mu dasa na watan a filin makaranta. Ka ji?"

"Madam, ni ɗan manomi ne. Kwantar da hankalinki."

Ya riƙe dokar nan fiye da yadda Madam ta yi zato. Ya ɗora na watan a kujera saboda girmama matafiyi, dole ya ɗora ɗayan. In ya yi wa wannan sannu, sai ya juya ya yi wa wancan. Har labarai in ya kunna, sai ya daidaita talabijin ɗin a tsakiyarsu.

Da a nan abin ya tsaya, da Litinin ta zo lafiya. Amma ran Juma'a bayan an sallame, ya ja abokinsa Saani gefe. Saani direban tasi ne da ke wuni a layin jiran fasinja a filin jirgin sama na JFK, inda direbobi ɗari ke zaune babu abin yi sai hira.

"Zan faɗa maka wata magana, amma daga ni sai kai."

"Haba, ni da kai? Kabari ka faɗa wa."

Kafin la'asar labari ya kai unguwar Harlem. A bakin Saani itacen ya zagaya wata ne. A bakin direba na biyar, a can ya tsiro. Lokacin da maganar ta tsallaka ruwa zuwa tsibirin Staten Island, cewa ake yi wani Bahaushe ne ya je ya cizgo shi da hannunsa.

Ran Asabar da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Alhaji Abdul-Karim ne, dattijon da ya sauki mutumin naku a ɗakinsa ranar da ya fara taka Amurka, shi ne kuma ya yi masa hanyar aikin nan. Ya hawo bene huɗu yana jan gwiwa. Ya cire takalmi, ya wuce masu gida kamar bai gansu ba, ya rusuna gaban kujera.

"Sannu da zuwa. Sannu da hanya. Ya aka baro mutanen can?"

"Alhaji, wancan ne. Wannan na gida ne."

Alhaji ya matsa gefe ya sake gaisuwar daga farko. Sannan ya nemi wurin zama, Adjara ta miƙa masa bokitin fenti.

"To yaro, ina tsarabarmu?"

"Tsaraba, Alhaji?"

"Mutum ya je Kwatano ma yana dawowa da abin rabawa, balle wata. Gwiwar nan shekara shida tana ba ni wuya. Likitocinsu sun haska, sun haska, sai dai su ce in rage cin nama. Ganye uku kawai. In jiƙa in sha."

Mutumin naku ya dubi itace, ya dubi Alhaji. Ya tuna katifar da Alhaji ya shimfiɗa masa wata takwas. Bakinsa ya buɗe zai ce amana ce, sai ya ji kansa yana cewa, "Uku za su isa kuwa?"

Alhaji na fita, ya tsaya yana ƙirga. Sha ɗaya, sha huɗu. Sai dabara ta faɗo masa, ya miƙa hannu ya tsinke uku a jikin ɗayan.

"Mi kake yi haka?" in ji Adjara.

"Kimiyya. Ba za ki gane ba."

Daga nan ƙofa ba ta sake rufuwa ba. Mai ciwon baya ya zo. Mai jiran takardun zama ya zo, wai in ya sa ganyen a aljihu ranar ganawa, wanda ya ƙetare sama bakwai ba ofishin shige da fice ne zai tare shi ba. Wani saurayi mai aikin ɗaukar kaya a filin jirgi ya zo saboda sanƙo. Kowa ya yi wa itace sannu da zuwa, ya ɗauke shi a yi musu hoto, ya dire inda ya ga dama. Kowa kuma surukin wani ne, ko ɗan garinsu, ko wanda suka yi sahu ɗaya a masallaci. Duk ganyen da ya fita daga nan, mutumin naku ya tsinke ɗaya a can.

Ganyen na gidan kuwa Adjara ta tara a faranti. Da ta ga layi ya kai matakala, sai ta riƙa leƙawa tana miƙa wa mata a ɓoye don su tafi ta samu ta ɗora tukunya.

Ran Lahadi Hajiya Tahiratu ta iso, mai shagon atamfa a Tompkinsville, can tsibirin Staten Island. Jirgin ruwa ta hau, ta hau na ƙasa biyu, ta shigo tana haki da turare.

"Ina shi, ina ɗan albarkan? Ƙawata ta ba mijinta rabin ganye jiya, wallahi munsharin shekara ashirin ya ɗauke kamar an kashe janareta."

Adjara ta sunkuyar da kai tana gyaran ɗankwali, don ta san daga farantin da rabin ganyen nan ya fito.

Hajiya ta juya ga kujeru, ta ga tsinke biyu a tsaye.

"Au, kun cinye? Ni da na ƙetaro teku?"

"Hajiya, ki yi haƙuri, an riga ki."

"Ba na komawa haka, mutane su yi mini dariya a shago." Idonta ya sauka kan katin mai hoton wata. "Wannan ma ya isa. Ai ya sha iskar jikinsa."

Kafin ya ce uffan ta tsinke ta jefa a jaka. Yana jin takunta ya ɓace a matakala, ya tsinke farin katin ma, ya jefa a kwandon shara, ya karkaɗe hannu. Adjara ta shigo da tsintsiya, ta sauke tukwanen duka biyu, ta share ƙasar da baƙi suka zubar, ta tura su bayan ƙofa, ta zauna a kujerarta ta miƙe ƙafa.

Litinin da safe filin makaranta ya cika. Iyaye a jere a kujeru. Yara riƙe da manyan takardu masu zanen ganye goma sha huɗu. An haƙa rami guda ɗaya, an kafa ɗan allo a gefensa, firinsifal na tsaye da shebur da aka ɗaura wa ƙyalle. A aljihun rigarta ana hango takardar mutumin naku a ninke.

Sai ga shi ya shigo da babbar rigarsa ta Juma'a, tukunya a dama, tukunya a hagu, kowacce da tsinke a tsakiya kamar asuwaki.

Madam Abena ta tare shi tun kafin ya ƙaraso. Murya ƙasa-ƙasa take magana, amma jijiyar wuyanta ta tashi.

"Baba. Ina ganye ya je?"

"An yi baƙi, Madam. Amma ki duba da kyau. Babu, babu. Ko guda ban bambanta ba."

Ta rufe ido, ta buɗe. Ta kankare bawon ɗaya da farce, ta ga kore a ciki, ta kankare ɗayan.

"Suna da rai. Zai sake toho. Zan gaya ma firinsifal sanyi ne ya kaɗe su, Allah ya yafe mini." Ta juya tukunyar tana nema. "Ina kati?"

"Shi ma na daidaita."

Firinsifal ta ɗaga shebur tana murmushi, tana yafito su. Iyaye suka fara tafi. Madam ta dubi ramin, rami ɗaya tak, ta dubi tsinke biyu.

"Baba, don girman Allah. Wanne ya je wata?"

Mutumin naku ya ɗaga na dama ya ƙura masa ido. Ya ɗaga na hagu, har da sansanawa. Ya gyara tsayuwa.

"Mai sauƙi ne, Madam. A bar su nan waje har wata ya fito. Wanda kika ga ya ɗaga kai yana kallo, shi ne baƙauyen da bai taɓa zuwa ba."