Ƙwallon Dabino Ya Yi Ajalin 'Yar Fara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yau ba ta huce ba, Rosnani binti Jusoh, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da kowa a unguwar bayan tashar jirgin ƙasa ta Taiping ke kira Kak Ros, wato Yaya Ros, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar na'urarta ta yin burodi, wadda aka fi sani da 'Yar Fara. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a kan kantar kicin, a gurbin da ta zauna shekara goma sha ɗaya tsakanin tukunyar shinkafa da taga. Ba tsufa ne ya kashe ta ba, ba kuma wutar lantarki ba. Kak Ros ta ce a rubuta wannan tun daga farko, don kada wani ya zo gaisuwa yana ce mata ai kwana ne ya ƙare. Akwai mai hannu a ciki, kuma za a zo kansa.

Marigayiya ta shigo gidan ne a bayan babur, ɗaure da igiya, an lulluɓe kwalinta da rigar ruwa. Mijin Kak Ros, marigayi Mat Zin direban jirgin ƙasa, shi ya sayo ta a shekarar da ciwon gaɓɓai ya kama yatsun matarsa har ta kasa murza kwaɓin fulawa. Ya dire kwalin a tsakar ɗaki ya ce, "Ga 'yar aiki na kawo miki. Ba ta gulma, ba ta zuwa ganin gida." Kak Ros ta yi kwana uku ko kallonta ba ta yi ba, don a ganinta burodin da hannu bai wahala a kansa ba bai cika burodi ba. Rana ta huɗu ta gwada. Da ta yanka abin da ya fito, ta ci, sai ta ɗauko tsumma mai tsabta ta goge mata murfi. Daga ranar ba su sake rabuwa ba.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da riƙon alkawari. Bayan sallar isha'i Kak Ros za ta zuba mata madara da bota, da fulawa da sukari da gishiri, ta yi ɗan rami a tsakiya ta sa yis, ta faɗa mata lokaci. Kafin ladan ya kira asuba ƙamshi ya hau bene. Ba ta taɓa makara ba, ko a azumi da ake tashinta tun kafin sahur. Shekarar da ruwa ya shigo kicin har gwiwa, an ɗora ta a kan firji, ta yi aikinta daga can ba tare da ƙorafi ba. Idan tana kwaɓi takan ce ƙurum, ƙurum, ƙurum, a hankali, kamar mai tafiya da silifa a ɗakin da wani ke barci. Idan ta gama sai ta ce fiit, fiit, fiit, sau biyar, ta yi shiru. Da Mat Zin ya rasu shekara uku da suka wuce, masu gaisuwa suka watse, gidan ya yi tsit, wannan ƙurum ƙurum ɗin ne kaɗai ya ci gaba da zuwa a kan lokacinsa, kuma shi ya riƙa tayar da Kak Ros daga gado a kwanakin da ba ta ga dalilin tashi ba.

Ba a ce ba ta da aibu ba. Takan manta 'yar muciyarta ta ƙarfe a gindin burodi, sai an sa wuƙa an tono. Idan kwaɓi ya yi mata nauyi takan ɗan yi tattaki a kan kantar kicin, har sai da aka kafa mata katako a gefe. Iyakar laifinta ke nan a shekara goma sha ɗaya.

Babbar hidimarta kuwa ga Mak ta yi ta, wato mahaifiyar Kak Ros, mai shekara tamanin da tara, wadda ba ta da sauran haƙori ko ɗaya. Shekara huɗu ke nan Mak ba ta karya kumallo da komai sai tsakiyar burodin madara na 'Yar Fara, a tsoma a shayi, ta bar ɓawon a gefen faranti. A kan wannan burodin take shan ƙwayoyinta na hawan jini da na zuciya. In babu shi ba ta ci, in ba ta ci ba magani ya juya mata ciki.

Ciwon ajali ya shigo gidan ne da jaka biyu da takalmin gudu. Sunansa Fadzil, ƙanen Kak Ros uwa ɗaya uba ɗaya, mai shekara hamsin da huɗu, wanda ya zo daga Kuala Lumpur zai yi mako biyu kafin a gama gyaran gidansa, yau ga shi wata huɗu. Ya zo da wata sabuwar cima da suke kira paliyo, wato cin irin na mutanen da suka zauna a kogo kafin a san noma: nama, kifi, ƙwai, ganye da 'ya'yan itace. Ba shinkafa, ba alkama, ba sukari, ba madara. Yana da mabiya kusan arba'in a zauren hira na waya, suna ce masa Koci, wato mai horarwa, yana tura musu hoton farantinsa sau uku a rana, kuma duk Asabar da safe sukan haɗu a bakin tafki su yi tafiya a kan ciyawa ba takalmi.

Tun a makon farko ya ɗaura gaba da marigayiya. Ya zauna a tebur yana kallon Mak tana tsoma burodi, ya girgiza kai.

"Kak, kin san abin da kike ɗura wa Mak kuwa? Guba ce wannan. Kakanninmu na kogo ba su san fulawa ba."

"Kakannin naka na kogo shekara nawa suka yi a duniya? Mak tana neman casa'in."

"Ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. Na gane ƙwan da na sayo jiya babu ko ɗaya."

Sai kuma ga shi wata rana ya zo yana sosa ƙeya, wai ya yi wa mabiyansa alkawarin burodin da babu alkama a ciki, ko za ta ara masa na'urar. Kak Ros ta ajiye wuƙar da ke hannunta ta dube shi. "Fadzil, na yi shekara talatin a ɗakin masu karaya. Na san ƙashin da ya fi saurin ɓallewa a hannun mutum. Ka taɓa ta ka gani."

Ranar Talata ta kai Mak asibiti awon jini. Abin da ya faru a bayanta ba ji ta yi a bakin wani ba, da idonta ta gani, domin mai laifin ya kafa wayarsa a kan tukunyar shinkafa yana ɗaukar komai don mabiyansa. Ya zuba garin kwakwa da garin rogo. Ya fasa ƙwai shida. Ya watsa kashu ɗanye da 'ya'yan kabewa. Sannan ya damƙo dabino cike da hannu, da ƙwallayensa da komai, ya jefa, yana gaya wa waya cewa ai na'urar za ta niƙe. 'Yar Fara ba injin niƙa ba ce, ba ta taɓa cewa ita ce ba. Duk da haka ta karɓa. Ta ce ƙurum, ƙurum. Sai ta ce gaf. Ta ce gaf, gaf, gaf, ta tsaya, ta yi fiit mai tsawo irin wanda ba a taɓa ji daga bakinta ba. Nan ne mai imani zai zare wayar wuta daga bango. Shi kuwa ya kashe ta ya sake kunnawa. Ta sake tsayawa, ya sake kunnawa. A karo na uku murfinta ya fara tsalle, sai ya ɗauko turmin dutse na dakan barkono ya danne ta da shi, ya juyo yana murmushi yana cewa, "Kun ga ƙarfin abinci na gaskiya ke nan." Ta yi wata ƙara siririya, hayaƙi ya fito ta ƙarƙashinta, fitilarta ta mutu.

Da Kak Ros ta dawo ta tarar da tagogi a buɗe, fanka tana gudu, gidan yana warin ƙonanniyar roba, an rufe marigayiya da tawul.

"Kak, kar ki ɗaga murya, Mak za ta tsorata," in ji Fadzil. "Ina jin dama ta tsufa."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta kai Mak ɗaki, ta dawo, ta miƙa hannu ta ce, "Wayar." Ta kalli abin daga farko har ƙarshe a tsaye, ta tura wa kanta, ta mayar masa.

Da yamma ta kai gawar shagon tsoho Teoh mai gyaran kayan wuta. Ya kwance gindin, ya haska da tocila, ya sa filaya ya zaro ƙwallon dabino guda da ya maƙale a ƙarƙashin muciya, ya ɗora mata a tafin hannu.

"Naɗin wayar injin ya ƙone, bel ɗin da ke juya muciya ya narke, haƙoran ciki sun zube. Irin wannan an daina yin kayanta tun tuni, Kak. Wa ya ba ta dutse ta tauna?"

"Ƙanena."

"Na ciki ɗaya?"

"Haka Mak ta ce."

Ta ɗauko gawar ta dawo da ita gida. Washegari aka kawo wa Mak burodin kanti. Ta matsa shi da yatsa, ta ture farantin, ta ce katifa ce. Ta tambaya ina yarinyar nan ta kicin, ba ta ji motsinta ba yau. Ta sha magani a kan shayi zalla, kafin azahar jiri ya kwantar da ita. Kak Ros ta ɗauko kwano ta gwada kwaɓi da hannu kamar da, ba ta yi minti biyar ba yatsun suka ƙage, ta tsaya a bakin famfo tana sakar musu ruwan ɗumi, hawaye na zuba, rabi na ciwo rabi na takaici.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba ta buga ƙofar Fadzil da gindin ludayi har ya buɗe. Ta tasa shi zuwa kicin, ta nuna masa kwano.

"Kak, ni fa ba na taɓa alkama."

"Ban ce ka ci ba. Naɗe hannun riga."

Ya murza minti arba'in tana zaune a kansa da ludayin a cinya. Aka gasa a tandar maƙwabta. Burodin ya fito da nauyi, amma Mak ta ci loma uku, ta sha magani. Sai ta ɗago ta dubi ɗanta da tausayi, ta ce, "Kai ma ka yi kewarta ko, Fadzil? Yanzu babu ɓawon da za ka riƙa kwashewa a farantina in yayarka ta shiga wanka, kana shafa bota kana barbaɗa sukari a bayan ƙofa." Fadzil ya ƙware da ruwan da yake sha. Kak Ros ta tambayi Mak tun yaushe. Mak ta ce tun ranar da ya zo.

Marigayiya ta rasu ta bar uwar ɗakinta Kak Ros. Ta bar Mak, wadda har yanzu ke juya kunne wajen kicin da asuba. Ta bar abokiyar zamanta tukunyar shinkafa, da kofin awo da cokalinsa, da rabin buhun fulawa, da kwalbar yis a firji da ba a san yadda za a yi mata bayani ba. Ta kuma bar Fadzil bin Jusoh, Koci, wanda ta ciyar wata huɗu a ɓoye ba ta taɓa tona masa asiri ba. Kak Ros ta ce lallai a sa sunansa cikakke a cikin magada, kuma a tura wannan sanarwa zauren mabiyansa tare da hoton nan mai motsi, tunda dama don su aka ɗauka.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe takwas na safe. Za a tashi daga gida a ƙafa zuwa shagon tsoho Teoh, inda za a cire abin da ya rage mai amfani a jikinta don a taimaki wasu. Ba za a bi gajeriyar hanya ta kasuwa ba, ta bakin tafki za a zaga, a daidai lokacin da masu tafiya a kan ciyawa ke taruwa. Fadzil ne zai ɗauki gawa a ƙirjinsa, shi kaɗai, ba mai karɓarsa. Ya nemi a sa ta a mota, an ce a'a. Ya nemi a bari sai Lahadi, an ce a'a.

Daga nan za a dawo gida shan shayi da burodi, wanda shi ɗin ne dai zai kwaɓa na mutum hamsin. Nasa rabon daban ne: dunƙulen da marigayiya ta mutu da shi a ciki, wanda sai da Teoh ya sa kurfi da guduma ya fito da shi, yana nan a firji, za a riƙa yanka masa kullum har ya ƙare. Ya yi alkawarin sayo sabuwa. An karɓi alkawarin, amma kwano yana hannunsa har ranar da Mak ta ci burodin sabuwar ba ta ture faranti ba.

Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su kawo fure, kada kuma kowa ya ja Kak Ros gefe ya ce ta dubi zumunci. Ba a karɓar ban haƙuri a wurin jana'iza. Mai neman gafara ya jira safiyar ƙaramar Sallah, ranar da kowane ƙane ke durƙusawa ya kama hannun yayarsa, ya bi layi a bayan jikoki, sannan ta ga abin da zuciyarta za ta ce. Ta duba kalanda. Saura wata takwas.