Rasuwar Malam Tica na Dutse Alhaji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwa biyu da suka wayi gari marayu, ni Hajiya Ikilima ta Dutse Alhaji da ke Abuja nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar rediyona, wanda unguwa ta sani da Malam Tica. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan tagar ɗakina, yana tsakiyar magana.

Marigayin mutumin Zariya ne. Tare muka taso bayan rasuwar maigidana, lokacin da ɗana Nazir ya ce zaman kaɗaici ya isa haka, in dawo kusa da shi. A motar da ta kawo mu aka danne shi da buhun gero, abin murɗa tasha ya karye. Tun daga ranar ya kafe a tasha ɗaya, ta masu Turanci, inda mutanen Abuja ke bugo waya da safe suna ƙorafi. Na zage shi, na mare shi, na yi masa gorin Hausar da ya sha a Zariya. Ko gezau.

Daga baya na gane rahama ce. Jikata Bilqis, 'yar Nazir, a nan aka haife ta, iyayenta kuwa sun rene ta da Turanci zalla kamar an ce musu Hausa na sa zazzaɓi. In aka kawo ta wurina ran Asabar, sai mu zauna muna kallon juna, in miƙa mata ƙosai, ta miƙo mini murmushi. Nazir ne tafinta, shi ma rabin hankalinsa na kan waya. Abin nan ya ci mini rai ƙwarai, ba na ɓoyewa. Shi ya sa da tsufana na durƙusa gaban marigayi na zama ɗaliba.

Malami ne mai haƙuri. Bai taɓa yi mini dariya ba, bai taɓa toshe baki ya juya kai ba irin na wasu da na haifa. Zai maimaita kalma yau, ya maimaita gobe, har ta zauna. Aibinsa ɗaya, kuma na yafe masa, abin da yake da shi kaɗai ya koyar. Yau in ka tashe ni daga barci zan gaya maka da Turanci cewa taransifoma ta ƙone, titi ya mutu, kuɗin mota ya hau. "No light." "We are suffering." Waɗannan na haddace su tsaf. Amma "zo in yi miki kitso", ko "wa ya taɓa mini ke", na kasa kunne na gaji, babu wanda ya taɓa bugowa ya faɗa.

Duk da haka shi ya ba ni abin da ya fi komai. Kowane mai bugo waya da magana ɗaya yake farawa, ni kuwa na ɗauka ita ce gaisuwar garin. Wata Asabar na yi ta maza, na dubi Bilqis na ce, "Good morning, I am calling from Dutse Alhaji." Wato wai waya nake bugowa daga Dutse Alhaji, alhali ga yarinya a kan cinyata. Ta yi dariya har da birgima a tabarma. Sai ta kara hannu a kunne kamar waya, ta ce, "Hello, Kaka!" ta shiga zuba mini labari. Ko rabinsa ban fahimta ba, amma ni ake ba labarin, babu tafinta. Tun daga nan kowace Asabar sai mun buga wannan waya.

Ciwon ajali da damina ya fara. Tari ne da farko, daga nan murya ta shaƙe, sai an ɗaure eriya da zare an jingina shi da bango kafin ya yi magana. Na kai shi wurin Bernard mai gyara a bakin kasuwa. Ya buɗe cikinsa, ya girgiza kai ya ce, "Mama, wannan ya gaji. Kayan shi babu a kasuwa, ko Legas babu. Bari shi ya huta." Na dawo da shi gida na ci gaba da jinya. Kalamansa na ƙarshe, wani bawan Allah ne daga Bwari yake cewa, "My people, e no easy," sai shuuu, sai ƙit.

Nazir ya ce zai sayo mini sabo. Allah ya yi masa albarka, bai gane ba. Sabo abin murɗawarsa lafiya lau yake, ni kuwa na san halina, kafin azahar na kai shi tashar Hausa. Kuma lokaci ya riga ya ƙure. Nazir ya sami aiki a Kanada, ran Asabar ɗin nan za su tashi da iyalinsa. 'Yar Hausar da Bilqis ta tsinta a ɗakina, "Kaka" da "ƙosai", can za ta zube, na sani.

Marigayin ya bar batura biyu masu tsatsa, da eriya ɗaure da zare, da rigar atamfa da na ɗinka masa saboda ƙura, da ɗaliba guda wadda ba ta sauke ba kuma ba za ta sauke ba.

Za a yi jana'iza ran Asabar bayan la'asar, in na dawo daga filin jirgi. Ɗan bola-jari ya zo ya taya gawar, na kore shi. Za a naɗe marigayi a tsohon mayafina a kwantar da shi ƙarƙashin gado. Sadaka ƙosai ne, tunda hannu ya saba soya shi ran Asabar kuma mai ci ta tafi. Masu gaisuwa su yi da Hausa.

Nazir ya yi alkawarin haɗa ni da Bilqis a waya in sun sauka. Zan ce mata ina bugowa daga Dutse Alhaji, kuma karon farko ke nan da maganar za ta zama gaskiya. Duk wanda ya san abin da ake faɗa bayan nan, don Allah ya taho mini da shi wurin zaman makoki.